Turmin da na ɗaure wa fata a Tudun Wada

Ni 'yar Nijar ce, haihuwar Tawa amma tashin Abalak, can babanmu yake da shago a bakin hanyar da ta wuce Agadas. Aure ne ya kawo ni Kaduna farkon 2019, muka biyo ta Ƙonni muka tsallako Illela, Sakkwato, Gusau, Funtuwa, Zariya, sai gamu a tashar Kawo cikin dare ƙafafuna sun kumbura suntum. Kafin in taho gani nake ai wannan ba ƙasar waje bace tunda duk Hausa ake ji, ashe Hausar ma suna ta tara.

Satina biyu a gidan na miƙa wa wani yaro kuɗi nace ya sayo min tumatir na dala ashirin, yaron nan ya tsaya yana kallona kamar na mishi Faransanci. Mu can dala sefa 5 ce, jikka kuma sefa 1000, ita kuwa Hajiya uwar maigidana a lissafinsu na da jaka naira 200 ce, toh kunga inda rigimar take. In an ɗauke wuta ince kuran ya tahi, in zan je asibiti ince zan tahi likita, ga hura ga biyat ga lahiya lau, facalolina su yi ta dariya har da riƙe ciki. Nan suka laƙaba min Buzuwa. Tun ina cewa ni Ba'adara ce, wato Bahaushiyar yankin Tawa, ba Buzuwa ba har na gaji na bari, dan a nan duk wanda ya fito Nijar Buzu ne, kuma Buzun da suka sani shine mai rawani da butar shayi a bakin get ɗin masu kuɗi a Unguwar Rimi. Sai na kama gyara harshena, cikin shekara ɗaya in ba an faɗa maka ba bazaka ce ba 'yar Tudun Wada bace, ko zancen gida na daina yi a tsakar gida.

Ana haka akayi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kullum rediyo maganar ECOWAS zata tura soja. Wayar innata sai tayi kwana biyu a kashe babu caji. Ina zaune bakin murhu wata la'asar ido ya kumbura, sai ga autan su maigidana ya shigo da waya a hannu yana cewa Anti zo kiga 'yan garinku a Amurka. Na zaci tsokanar da ya saba ce nace Auta rabu dani yau bana jin wasa. Ya dai tura min wayar gaban fuska.

Mata ne da lulluɓi irin namu na can, ɗaya ta rungumi jita, ɗaya ta kifa ƙwarya cikin ruwa tana bugu, ga Turawa cike da waje. Ban ma gama gane hoton ba kiɗan ya riga ya shige ni, wallahi tsigar jikina ce ta tashi dan tende ne, tenden da nake ji daga bayan gari ina yarinya in Buzaye suna suna ko biki.

Wanda bai san tende ba, turmi ne wannan dai na daka, a jiƙa fatar akuya a rufe bakinsa a ɗaure tamau, a sa taɓare biyu gefe da gefe mata su zauna a kansu dan fatar ta ƙara ɗamewa, ana bugawa ana yayyafa mata ruwa. Mace ɗaya ta ja waƙa sauran su amsa da tafi da guɗa, samari kuma akan raƙuma suna zagaye su. In an watse a kwance fatar, gobe da safe a daka gero a cikinsa. Kuma in zan faɗi gaskiya mu Hausawan can ma ba wani ɗaukarsa muke da daraja ba, kiɗan mutanen daji muke ce masa, innata bata taɓa barina naje kusa ba sai dai in jiyo daga kan tabarma.

Daren nan na cinye wa Auta data tas. Sunan su Les Filles de Illighadad, wato 'yan matan Illighadad, wani ƙauye ne a yankin Abalak ɗin mu. Mai jitar Fatou Seidi Ghali, da jitar yayanta ta koya wa kanta, alhali a wajen Buzaye jita ta maza ce, tende ne na mata. Mai ƙwaryar kuma Alamnou Akrouni. Wani Ba'amurke Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds shi ya bi su har ƙauyen ya naɗi faifansu na farko da ya fito a 2016, a fili aka ɗauka ba a situdiyo ba, rabi Fatou ce da jitarta a hankali kamar mai lallashin yaro, ɗaya rabin kuma tende ne zalla doguwar waƙa da matan ƙauye. A 2017 suka fitar da Eghass Malan, nan ne suka haɗa abu biyun waje guda, suka ɗauko waƙoƙin tende suka ɗora akan jita mai lantarki. Sai na uku At Pioneer Works da aka naɗa a gaban jama'a a Brooklyn ta birnin New York a 2019 ya fito a 2021.

Auta yafi son na Amurkan dan yafi ƙara da armashi. Ni kam har gobe rabin nan na tende a faifan farko shine nawa, babu gyara babu kwalliya, muryoyin ma ba duka suke tafiya daidai ba kuma haka ake yinsa. Tamashek ɗina, wato yaren Buzaye, bai wuce na gaisuwa da ciniki a shagon baba ba, ba komai nake ganewa ba, amma ban taɓa jin ina buƙatar fassara ba. Abun da ya tsaya min a rai kawai, ace ƙauyen nan yana yankin da na tashi amma sai da na zo Kaduna wani yaro da bai taɓa taka Nijar ba ya nuna min su, su ma sai da Bature yace suna da kyau tukun muka waiwaya.

Washegari ina wanke-wanke na kunna a hankali, ban san Hajiya tana bayana ba sai ji nayi tace ke 'yar nan ƙaro min sautin nan. Ta saurara ta saurara tace yo ai wannan amada ce, ga ƙwarya a ruwa ga mata na amshi, haka muke yi da a gidan biki zamanin Barmani Choge, Allah ya jiƙanta. Nace Hajiya wannan da turmi ake yi. Tace turmi kuma? Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, matar da shekara huɗu hirarmu bata wuce ina kwana da me za'a dafa, ranar sai da aka kira azahar muna nan, tana tambayata raƙuma, tana tambayata da gaske ne a wajen Buzaye mace ce mai tanti. Ina cikin bayani naji bakina yace tahi, na dubeta, ko a jikinta.

An buɗe iyaka ta ɓangaren Najeriya a watan Maris 2024 amma ban samu zuwa ba sai bayan babbar sallah. Da layyar ta zo na roƙi maigidana kar a bada fatar akuyar da Hajiya ta yanka, yace me zakiyi da ita nace kai dai bari. Muka kankare gashin ni da Auta, muka jiƙa muka ɗaure a bakin turmina da igiyar shanya, taɓarya ɗaya gareni sai da muka aro ta maƙwabta. Sautin bai fito kamar na can ba, wani dum dum yake kamar ana buga bokiti, amma facalolin nan masu ce min Buzuwa su suka zauna akan taɓaren suna rigimar wa ta fi nauyi, Hajiya ta kifa ƙwaryarta a baho tana bugawa da ludayi.

Turmin dai ya tashi daga aiki dan warin fata ya kama shi, duk yajin da aka daka sai yayi ƙarni, dole na sayi wani a Kasuwar Barci. Tsohon yana nan bayan ƙofa da fatarsa, da hunturu takan bushe, 'yata ce ke ɗibar ruwa a kofi tana shafa mata.