Fire TV Stick ta hannu: wahalar da na sha kafin hoto ya zauna

Fire TV Stick 4K ce, irin wadda kamfanin Amazon ya fitar a 2018. Ƴar baƙar na'ura ce da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, ana soka ta a ramin HDMI bayan talabijin, ta kama intanet ta wifi, sai talabijin ɗin ya koma yana nuna YouTube da makamantansa. A kasuwar Katako ta Yamai na same ta, kan teburin wani mai kayan wuta na hannu, an ɗaure ta da rimot ɗinta da roba. Ba kwali, ba caja, sai wata siririyar waya da ya ɗora mini kyauta. Don Hajiyarmu na saye ta. Tana son sauraren tafsiri tana ganin malamin, ido kuma ya fara gajiya, allon salula ya yi mata kaɗan.

Mai kayan ya ce in soka wayar a ramin USB na talabijin, daga nan za ta sha wuta. Da na haɗa a gida sai tambarin ya fito, ya ɗauke, ya sake fitowa, ya sake ɗaukewa. Haka ta yi ta yi, ba ta wuce nan ba. Duk wanda ya gani zai rantse an sayar mini da matacciya.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da tele a Bukoki, tun muna yara muke ganinsa a rumfarsa. Na kai masa, na ce, "Baba, a duba mini, ko in mayar wa mai ita." Bai ko buɗe ta ba. Ya ce, "Ɗana, kafin ka ce kaya ya mutu, fara tambaya ko ya ci ya ƙoshi." Ya yi mini bayani cewa ramin USB na yawancin talabijin irin namu rabin amfiya yake bayarwa, wato miliamfiya 500, ita kuwa cajar na'urar ta asali amfiya 1 take bayarwa a kan bolt 5 da ƴan kai. Lokacin tashi ne take jan wuta sosai, in ba ta samu ba sai ta faɗi ta sake farawa. Ya ɗauko wata cajar salula, ya juya bayanta, ya nuna mini ƙananan rubutun da farcensa: 5V, 2A. Ya ce wannan ta isa, na'urar abin da take bukata kawai za ta ja. Ya kuma nuna mini inda aka rubuta 100–240V, ya ce duk cajar da ke da wannan, ko daga Amurka ta zo da ƙafafunta masu faɗi, za ta yi aiki da wutarmu ta 220, adafta kawai take so.

Sai ya karɓi siririyar wayar nan, ya nemi izinina, ya datse ta da almakashi. Cikinta ƴan silin jan ƙarfe ne da za ka iya ƙirga su da ido, ko wanne bai fi gashi kauri ba. Ya ce irin wannan ko caja mai kyau ka sa mata, wutar a hanya take zubewa kafin ta isa. Araha ba ta ado. Na sayi gajeriyar waya mai kauri, kuma daga ranar na'urar ba ta sake wannan faɗuwar ba.

Amma hoto bai zo ba. Yanzu tambarin yana fitowa ya tsaya daram, can sai allon ya yi baƙi ƙirin, talabijin ya rubuta "Pas de signal", wato babu hoton da ke shigo masa. Na canza rami, daga HDMI 1 zuwa HDMI 2. Na hure ƙurar hunturu da ta taru a ciki. Shiru. Abin da ya hana ni yanke ƙauna shi ne tambarin nan da ke fitowa da farko: tunda yana fitowa, ashe ramin lafiya lau, na'urar ma tana aiko hoto. Wani abu ne yake canzawa bayan ta gama tashi.

Talabijin ɗinmu mai inci 32 ne, irin waɗanda suka cika gidajen Yamai. Yawancinsu allonsu ɗigo 1366 a 768 ne, suna karɓar hoto na 720p ko 1080p, ba su san 4K ba, wato hoton da ya fi waɗannan yawan ɗigo sosai. Mai na'urar na farko kuwa, da alama babban talabijin gare shi, ya kafe saitinta a kan 4K maimakon ya bar ta ta zaɓa da kanta. To ta zo gidanmu tana aiko abin da talabijin ɗinmu ba ya iya karantawa. Ga kuma inda gizo ke saƙa: wurin gyara saitin yana cikin allon da ba ka gani.

Akwai mafita a jikin rimot, sai dai rimot ɗin ma bai amsa ba. Da na zare murfinsa na tarar da tsofaffin batura sun yi zufa, wani farin gari mai ɗan kore ya bushe a kan ƴan ƙarafan da ke taɓa batir. Na kankare shi da bakin ƙaramin sukundireba har ƙarfen ya yi haske, na sa sababbin batura AAA guda 2 na alkalin. A nan kada a yi rowa. Wannan rimot ba irin na talabijin ba ne da ake nuna shi ga allo. Da Bluetooth yake magana da na'urar, kuma batura masu arha ba sa jimawa a cikinsa. Sannan na matsa kusa, na danne maɓallin da ke da hoton gida na daƙiƙa 10 don su gane juna.

Daga nan sai dabarar da ta fito da hoton: a danne saman zoben rimot tare da maɓallin mayar da fim baya, na daƙiƙa 5. Na'urar za ta fara gwada girman hoto ɗaya bayan ɗaya, tana ɗan dakatawa a kan ko wanne. Na zauna ina kallon baƙin allo, ƙanena yana tsaye a kaina. Can sai allon ya yi wal, rubutu ya bayyana yana tambaya ko a tsaya a nan. Na danna tsakiyar zoben. Ƙanena ya ruga ciki yana kira, "Hajiya, ta yi! Ta yi!"

Abin da ya bayyana kuwa gidan wani ne. Sunan wata mata a sama, komai da Turancin Ingilishi, jerin fina-finan da ta fara kallo ba ta ƙarasa ba, da na yara, alamar tana da ƴaƴa ƙanana. Akawun ɗinta na nan a buɗe. Ƙanena ya ce, "Yaya, a bar shi haka mana, ga kallo kyauta." Na ce a'a. Irin wannan akawun galibi a haɗe yake da katin bankin mai shi, dannawa ɗaya za ta iya cire wa baiwar Allah kuɗi tana can ba ta sani ba. Ba ta ba mu ba, ba ta san mu ba, mantuwa ta yi ko kuma ba ta san ana gogewa ba. Wannan haƙƙi ne, kuma ban ga yadda za a yi a saurari tafsiri ta cikin akawun ɗin da ba a ba mu izininsa ba. Ko ta fuskar amfani ma babu riba, domin da yawa daga manhajojin da ta zuba don Amurka kaɗai aka yi su, a nan ba sa buɗewa, sai cin wuri.

Goge komai ba wuya: a danne kibiyar komawa tare da gefen dama na zoben na daƙiƙa 10, a amince, a jira. Sai dai kafin a goge a tabbatar rimot yana aiki, domin bayan gogewa da shi za a shigar da lambar sirrin wifi. Akwai manhajar salula da ke maye gurbin rimot, amma ba ta aiki sai salular da na'urar suna kan wifi ɗaya, na'urar da aka goge kuwa ba ta kan ko wane wifi. Wanda ya sayi irin wannan babu rimot ya sayi rabin kaya.

Bayan gogewa ta nemi harshe, na zaɓi Faransanci. Sai ta nemi wifi, nan ma aka ɗan tsaya. Tana ganin na maƙwabta, ba ta ganin namu, alhali akwatin wifi ɗin yana cikin falon tare da ita. A zangon wifi na 2.4 GHz, Amurka tashoshi 1 zuwa 11 take amfani da su, don haka kayan da aka yi wa kasuwarta kan ƙi ganin wifi ɗin da ya zauna a kan 12 ko 13. Na shiga saitin akwatin ta salula, na kafe shi a kan 6, sai ga sunansa ya fito. Daga nan ta shiga sauke sabuntawa, ta ɗauki lokaci, ta kuma ci mega mai yawa. Wanda zai yi wannan da forfe na salula ya tanadi isasshe, kada ya yanke a tsakiya. A ƙarshe ta nemi akawun na Amazon. Buɗe shi kyauta ne, adireshin imel kawai na bayar. Wannan matakin ne ya kamata mai saye ya gani da idonsa tun a kasuwa, ko da wifi na salularsa ne, domin na'urar da aka kai rahoton an sace ta kan ƙi karɓar sabon akawun, kuma wannan ba mai gyaran da zai iya masa.

Sauran matsalolin ƙanana ne, amma su ne ke sa mutum ya ji kallon bai yi daɗi ba ya rasa dalili. Gefunan hoton sun shige cikin bakin allon, rabin rubutun ƙasa ya ɓace. Wannan daga talabijin ne, ya gaji ɗabi'ar faɗaɗa hoto tun zamanin eriya. Na je wurin girman hoto a rimot ɗin talabijin na cire zum, abin da ya rage kuma na daidaita shi cikin saitin na'urar, inda take nuna kibau huɗu a matso da su har su taɓa bakin allo. Sauti ma ya zo da nasa: wasu bidiyo da murya, wasu shiru. Na'urar tana aiko irin sautin da ake kira Dolby ne, talabijin ɗinmu bai iya fassara shi ba. Na mayar da shi sitiriyo, wanda aka rubuta PCM, magana ta dawo.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na ƙwallo. Muna kallon wasa sai na ga in kyamara ta bi ƙwallo da gudu hoton yana ɗan tsattsage, kamar yana tuntuɓe. Na ɗauka rezo ne, amma tafsiri da labarai lafiya lau suke tafiya. Ashe gadon wutar lantarki ne. Amurka wutarta 60 Hz ce, talabijin ɗinta ma a kan 60 aka gina shi, wato hoto 60 a kowace daƙiƙa. Mu da Turai 50 muke, kuma wasannin da ake ɗauka a Turai da Afirka galibi a kan 50 suke zuwa. In aka tura hoton 50 cikin 60, dole a riƙa maimaita wasu hotunan, ido kuma yana kama wannan a wurin gudu. Na zaɓi 720p a kan 50 Hz, ƙwallo ta koma tafiya sumul.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke haura digiri 40, bayan talabijin da ke manne da bango tanderu ne. Da rana na'urar kan fara nauyi, hoto ya tsaya cak, in ka taɓa ta sai ka janye hannu. Sabuwa tana zuwa da wata gajeriyar wayar HDMI mai lanƙwasa a kwalinta, tawa ba ta zo da ita ba. Na nemo irinta, na'urar ta fito daga lungun tana rataye a gefe inda iskar fanka ke kaiwa. Hakan ya ƙara mata kama wifi ma, tunda jikin talabijin ya daina tare ta. Cajar kuma a bayan regilata na soka ta tare da talabijin, saboda yadda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke.

Abin da ban so a ɓoye wa mai niyyar saye shi ne kuɗin intanet, don ya fi kuɗin na'urar nesa ba kusa ba. Netflix, kamfanin nuna fina-finai ta intanet, da kansa ya ce kallon awa ɗaya kan ci kusan giga 1 a hoto na talaka, har giga 3 a HD, har giga 7 a 4K. Na'urar kuma in an bar ta, mafi kyawun hoton da rezo ya iya ɗauka take ja, ba ruwanta da forfe. Har tallan fina-finan da ke motsi da kansu a shafin farko mega suke ci, ko ba wanda ke kallo. Na kashe su a saiti, na kunna wurin lura da cin mega, na rage ingancin bidiyo. A YouTube kuma 480p nake zaɓa wa Hajiya. A kan allo mai inci 32, daga inda take zama kan tabarmarta, fuskar malamin tana fita sarai, muryar ba ta yankewa, kuma forfen yana kai mu ƙarshen wata. Ranar da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu, ke wasa ne kawai nake ɗaga shi zuwa 720p.