Ƙuri'a ɗaya tak ta ce a'a

Shekarata ta biyar ke nan a wani ƙaramin kamfani a Birnin Kebbi, muna yi wa shagunan magani da na kayan noma manhajar lissafin kaya da buga rasit. Rubuta manhajar bai taɓa gajiyar da ni kamar kai ta inda ake aiki da ita ba. Duk gyaran da muka yi, sai in zuba shi a falash in nufi tasha: yau Argungu, gobe Jega, jibi a bi ta Koko a gangara Yauri. Shago shago nake bi, in jira mai shago ya sallami masu saye, in zauna a kan benci in sabunta masa, in tashi.

Wata rana a Yauri na sa wa wani Alhaji tsohon zubi a maimakon sabo, don sunayen fayil ɗin biyu harafi ɗaya ne ya raba su. Ban sani ba sai da na dawo gida bayan isha'i, ya kira ni yana cewa rasit yana fitar da farashin taki na watan da ya wuce, yaronsa har ya sayar da buhu 14 a kan haka. Asubar fari na koma. Bai ɗaga mini murya ba, fura ma ya sa aka dama mini, kuma wannan furar ta fi faɗa zafi.

Daga nan na zauna na rubuta wani ɗan tsari na tura manhaja. Uwar garke, wato babbar kwamfutar da sauran ke tuntuɓa ta intanet, tana riƙe da jerin kwamfutoci da zubin da ya kamata kowace ta samu. Kwamfutar shago, duk lokacin da ta ga sabis, sai ta leƙa ta tambaya ko akwai sabo. In sabis ya yanke a tsakiyar saukewa, ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba ta cinye wa mai shago data a banza. In sabon ya ƙi tashi, ta koma kan tsohon da kanta. Cikin wata shida na daina zirga-zirga, kuma gaskiya kaina ya ɗan kumbura.

Ina neman yadda wasu suka warware irin wannan matsala ne na ci karo da Apache ACE, tsarin rarraba manhaja daga wuri ɗaya zuwa na'urori masu yawa. Fasahar ta yi mana nauyi, ba mu da buƙatarta. Abin da ya riƙe ni shi ne yadda ya shiga gidauniyar Apache, mai kula da manhajojin da kowa zai iya ɗauka kyauta, a 2009. Gidauniyar, wadda aka kafa a 1999, ba ta karɓar manhaja don kawai tana da kyau. Tun 2002 tana da sashen reno da ake kira Incubator, kuma duk mai son shiga sai ya rubuta bayani a fili: daga ina kod ɗin, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, ya fito, wa ke da haƙƙinsa, su wa za su yi aikin, nawa ne a cikinsu ke cin albashi a kamfani ɗaya, me zai faru in wannan kamfanin ya janye. Sai an samu wani ɗan gida da zai tsaya wa aikin, da kuma waɗanda za su yi masa riƙo. Bayan an tattauna ne ake kiran ƙuri'a. Mai goyon baya ya rubuta +1, wanda bai damu ba 0, mai adawa -1. Ana barin ta a buɗe aƙalla awa 72, don wanda ke barci a Asiya lokacin da ake rana a Turai kada a yanke ba da shi ba. Kowa yana iya kaɗawa, amma ta 'yan kwamitin Incubator ce ake ƙirgawa wajen yanke hukunci.

Na karanta duk wannan kamar yadda ake kallon bikin wasu. Ban kawo wa raina zai biyo ni gida ba.

Muna da 'yar ƙungiya ta masu rubuta manhaja, mu 12, muna haɗuwa Asabar ɗin ƙarshen wata: ma'aikata, malamai biyu, da ɗalibai daga Kalgo da Aliero. Babbanmu wani malami ne da ya koyar da rabinmu, kowa Malam yake ce masa. Shi ya kawo shawarar mu ware ma'ajiya ɗaya ta ƙungiya, inda za mu riƙa ajiye buɗaɗɗun manhajoji da kowa zai iya ɗauka ya gyara. Abin da ya tunzura shi labarin wata manhaja ne mai suna Terraform. A watan Agustan 2023 kamfanin HashiCorp ya canja lasisinta daga buɗaɗɗe zuwa mai sharuɗɗa, jama'a suka ɗauki zubin ƙarshe na kafin canjin suka ci gaba da shi da sunan OpenTofu, a watan Satumba kuma aka damƙa shi ga wata gidauniya mai suna Linux Foundation. Malam ya ce abin da ke hannun mutum ɗaya, ko kamfani ɗaya, aro ne komai daɗewarsa a wurinka. Ni ne ma na ce to mu ari ƙa'idar ƙuri'a ta Apache, na bayyana musu ita da alfahari. Aka amince.

Aikin farko da aka gabatar don a karɓa cikin ma'ajiyar shi ne tsarina na tura manhaja. Daren da za a buɗe ƙuri'a na ɗauki waya na riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, irin yadda muka saba, a gaisa, a tambayi iyali, sannan a ce ga abin da ke tafe. Da na kira Malam ya saurare ni har na gama, ya ce, "Duk wannan da ka gaya mini, ka je ka rubuta inda sauran za su gani. Abin da aka ƙulla a waya tsakanina da kai, ba ƙungiya ta ƙulla ba." Na ce to Malam, na ajiye wayar jiki a sanyaye.

Ranar farko +1 guda shida suka shigo, wasu har da Allah ya ƙara basira. Rana ta biyu aka ƙara biyu, mutum biyu suka sa 0. Da yammacin rana ta uku, saura 'yan awanni a rufe, sai ga -1. Daga wata ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe, wadda a zama ba ta cika magana ba, in za ta yi kuwa sai ta sunkuyar da kai. Ta fara da "Yaya, ka yi haƙuri," sannan ta jero abin da ta gani. Ta ce ta kwana biyu tana ƙoƙarin ɗora tsarin a kwamfutarta ya ƙi, saboda yana neman wani fayil da babu shi a ma'ajiya, da alama a tawa kwamfutar kaɗai yake. Ta ce ta ga kalmar sirri ta uwar garken kamfaninmu a rubuce ƙuru-ƙuru a cikin kod. Ta ce akwai wani sashe na kusan layi 200 da salon rubutunsa ba nawa ba ne, tana son sanin inda na samo shi da lasisin da ke kansa. Ta rufe da tambayoyi biyu: tunda a lokacin aiki na rubuta shi, nawa ne ko na ogana? Kuma in na yi tafiya, wa zai iya gyara shi?

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fara zuwa mini shi ne yarinyar da ban fi shekara biyu da nuna mata yadda ake amfani da Git, manhajar adana sauye-sauyen kod, ba. Na biyu kuma lissafi: a ƙa'idar da muka ara, -1 tana hana abu wucewa ne kawai in gyaran kod ake magana, shi ma sai an kawo hujja ta fasaha. A ƙuri'ar karɓar aiki rinjaye ake bi. Takwas da ɗaya, na ci. Har na fara rubuta sanarwar sakamako.

Abin da ya tsayar da ni tambaya ce da Malam ya jefa a zauren da muke rubuta ƙuri'ar, ba ma ni ya yi wa ba. Ya ce duk wanda ya sa +1 ya faɗi ko ya ɗora tsarin ya gwada. Shiru. Daga baya mutum ɗaya ya ce ya buɗe ya duba sama-sama. Malam da kansa ya ce shi ma bai gwada ba, ya mayar da tasa 0. Wato a cikin mutum 11 da suka kaɗa, wadda ta ƙi ce kaɗai ta taɓa abin da hannunta. Sauran kara suka yi mini. Mu mutane ne masu kara, kuma ba na raina ta, ita ke riƙe da zumunci da maƙwabtaka a garin nan. Amma na gane a ranar cewa da a zaune muka yi ƙuri'ar nan, a ɗaga hannu ido na ganin ido, da yarinyar nan ta ɗaga nata tare da kowa. Kwana ukun da aka bayar da kuma rubutun su suka ba ta sararin gwadawa da na faɗa. Da na ari ƙa'idar, alamomin +1 da -1 na ɗauka su ne abin, ashe awa 72 ɗin ce ta fi aiki.

Na janye buƙatar. Malam ya kira ni da daddare, wannan karon shi ya kira, ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Gyaran fasahar bai ɗau lokaci ba. Na cire kalmar sirrin, na canja ta a uwar garke a daren, gabana na faɗuwa da tunanin tsawon lokacin da ta yi a wurin. Layukan nan 200, na tuna daga intanet na kwaso su shekara biyu da suka wuce, na nemi asalinsu na ga babu lasisi ko ɗaya a kansu. Da ina ɗauka abin da ba a sa wa lasisi ba na kowa ne. Ashe akasin haka ne, in mai shi bai ba da izini a rubuce ba, haƙƙin yana hannunsa. Na sake rubuta sashen daga farko.

Batun oga ne ya ci wata biyu. A Apache, kamfanin da ya ba da kod sai ya sa hannu a takardar sadaukarwa, kowane mai rubutu a aikin ma yana da tasa yarjejeniyar. Mu takarda mai shafi ɗaya muka rubuta. Da na kai masa ya juya ta gaba da baya ya ce, "Wato in ba abokan gasata kyauta abin da na biya ka albashi ka yi?" Tambayar tana kan hanya. Na ce masa manhajar lissafin, wadda ita ce abincinmu, tana nan a rufe, motar da ke kai ta ce kawai za a buɗe. Bai gamsu ba. Abin da ya juya shi, zazzaɓi ne ya kwantar da ni kwana biyar, turawa ta tsaya, shaguna uku na Jega suka riƙa kiransa, kuma duk ofishin babu wanda ya san inda zai taɓa. Ranar da na dawo na tarar da takardar a kan teburina da sa hannunsa, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Sauran aikin shi ne wanda na fi ƙi, rubuta bayani da koyarwa. Asabar shida muna zama da ɗalibar nan da wani matashi da ke gyaran kwamfuta a kasuwa, ni a gefe hannuwana a aljihu, su a kan allon rubutu. Duk inda suka maƙale, ba na karɓa in yi musu, sai dai in rubuta abin da ya maƙalar da su a cikin bayanin. Yana da wuya ka ga mutum yana laluben abin da za ka gama cikin minti ɗaya ka yi shiru. Sau biyu na kasa.

Ƙuri'a ta biyu ta wuce da +1 guda bakwai, kuma biyar daga ciki sun rubuta irin kwamfutar da suka gwada a kai. Ban yi murnar da na zata zan yi ba, don a lokacin na riga na karanta ƙarshen labarin ACE. Ya kammala reno ya zama cikakken aikin Apache a ƙarshen 2011, amma a 2017 aka mayar da shi Attic, ɗakin da gidauniyar ke ajiye ayyukan da masu kula da su suka watse. Kod ɗin yana nan, kowa na iya ɗauka, sai dai babu mai fitar da sabon zubi. Namu mu uku ne kacal, ɗaya kuma tana jiran a tura ta bautar ƙasa, ba mu san jihar da za ta faɗa ba.

Makon jiya na tura wani gyara da zai rage girman abin da shaguna ke saukewa. Ta sa masa -1, ta ce a kwamfutar da ke da tsohuwar Windows komawa kan tsohon zubi ba ya aiki, ta haɗo da hoton kuskuren. Wannan karon ƙuri'arta tana hanawa. Na aro irin kwamfutar daga wani shago a nan cikin gari, tana kan teburina tun Talata, har yanzu ban gano inda matsalar take ba.