Rabin maki ya sa na sake zama IELTS

Ranar da sakamakon IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, ya fito sai da na karanta shi sau uku kafin na yarda ban tsallake ba. Jimilla 7.0. Sauraro 8.0, karatu 7.5, magana 7.0, rubutu 6.0. Jami'ar da nake nema kuwa 6.5 take so a kowane fanni, kada ko ɗaya ya gaza. Rabin maki ne ya tsaya tsakanina da gurbin karatu, kuma a rubutu, fannin da na fi cika baki a kansa.

Wata uku na yi ina shiri. Sauraro na fi tsoro, tunda sau ɗaya tak ake kunna muryar, in ta wuce ta wuce, don haka kullum kunnena na kan lafazin Ingila da na Ostareliya. Karatu ma da agogo na riƙa yin atisayensa. Rubutu fa? Cewa na yi ai wannan gida ne, a wurin aiki ma ni ake kawo wa wasiƙa in gyara. Sai na sayi littafi na cika shi da manyan kalmomi ina haddacewa, ina karanta amsoshin wasu ina gyaɗa kai. Ban taɓa zama na rubuta ayyuka biyun da ake bayarwa a fannin rubutu a jere cikin awa ɗaya ba, ko sau ɗaya. Hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

A zauren jarrabawa, aiki na farko ya zo da zanen ƙididdiga mai layuka biyar. Minti 20 ya kamata in ba shi, kalma 150 ta wadatar. Ni kuwa na duƙufa sai na ambaci kowace lamba, in rubuta jimla in goge, in nemo mata kalmar da ta fi ƙayatarwa. Da na ɗaga ido na kalli agogon da ke saman allon kwamfutar, minti 35 sun tafi. Har yanzu in na tuna sai in ji gabana ya faɗi. Saura minti 25 ga aiki na biyu, wanda makinsa ya ninka na farkon, kuma na san da haka sarai tun kafin in shiga.

Tambayar kashi biyu ce: me ke jawo matsalar, kuma mene ne mafita. Na zuba sakin layi biyu a kan dalilai, na soma mafita ke nan lokaci ya ƙare. Babu kammalawa, ma'aunin kalmomi na nuna 230, ban kai 250 ɗin da ake buƙata ba. Duk da haka na fito ina lallashin kaina, wai kyawun Turancin zai rufe min asiri.

Akwai damar sake fanni ɗaya kaɗai cikin kwana 60 ga wanda ya yi ta kwamfuta, amma ba kowace jami'a ke karɓa ba, tawa ma a lokacin ba ta karɓa. Ku tambaya tun kafin ku biya kuɗin rajista. Ni dai dole na sake biya, na sake zama duka huɗun.

A karo na biyu na ajiye girman kai na nemi wata malama da ta daɗe tana koyar da masu wannan jarrabawa. Rubutuna na farko ta dawo min da shi ja wur. Ta ce, "Malam, Turancinka ba shi da laifi, amma ina amsar tambayar?" Ita ta zaunar da ni a kan ma'aunai huɗu da ake duba rubutu da su: amsa abin da aka tambaya, haɗuwar zance, yalwar kalmomi, da nahawu, kowanne da rubu'in maki. Ashe wata uku ina ta kiwon rubu'i ɗaya. Manyan kalmomin ma rabinsu ba a muhallinsu nake sa su ba. A aiki na farko kuma ta nuna min ban taɓa rubuta jimla biyun da ke taƙaita inda zanen ya dosa gaba ɗaya ba, alhali wannan taƙaitawar ce mai duba jarrabawa ke fara nema.

Daga nan kullum da dare sai in saita agogo awa ɗaya. Aiki na biyu nake fara yi, tunda babu dokar da ta hana: minti 5 na tsara, 30 na rubuta, 5 na duba. In minti 40 sun cika, ko a tsakiyar jimla nake sai in koma na farko. Makon farko abin ya yi min ciwo, don ni mutum ne mai son goge-goge.

Sakamako na biyu: rubutu 7.0, sauraro ya sauko 7.5, ban ma damu ba. Sai dai kafin ya fito an rufe karɓar takardu na wannan zangon, aka ɗage ni zuwa na gaba. Littafin manyan kalmomin yana nan cikin durowa. A rubutun da ya ba ni 7.0, biyu kacal na ɗauko daga cikinsa.