Abin da wata tsohuwar mujalla ta koya min game da yin hira

Lokacin da nake haɗa furojet ɗina na shekarar ƙarshe, aikin shi ne in yi hira da marubuta uku. Na tsara tambayoyi na kai wa malamina, ya duba ya ce, "Yarona, wannan ai duk kirari ne, je ka karanta hirarrakin Paris Review sannan ka dawo."

Mujalla ce da wasu samari Amurkawa suka kafa a birnin Paris a 1953, George Plimpton da Peter Matthiessen da Harold Humes, a 1973 ta koma New York amma sunan bai canza ba, kuma har yau sau huɗu take fitowa a shekara da gajerun labarai da waƙoƙi da zane-zane. Plimpton ya riƙe ta shekara 50 har ya mutu a 2003.

To ni dai hirarrakin ne suka kama ni wallahi. Mu nan mun saba da "wane kira za ka yi ga matasa", su kuwa sai su tambayi mutum ƙarfe nawa yake zama rubutu, da fensir ko da tafireta, sau nawa yake gogewa, har su buga hoton shafin da ya yi ta sokewa da hannunsa ka gani da idonka. A hirar 1958 marubucin Amurka Ernest Hemingway ya ce shafin ƙarshe na wani littafinsa sau 39 ya sake rubuta shi, na daɗe ina juya maganar nan a raina, don a da na ɗauka baiwa kawai take zubowa. Ta Chinua Achebe ta 1994 ma na karanta ta sau biyu.

Da na je wajen marubuciya ta farko, wata dattijuwa mai littattafai da yawa, sai na ce, "Hajiya, shafukan da kika fasa bugawa ina kike kai su?" Ta yi shiru tana kallona, can ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar jaka cike da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, duk jan biro. Ta ce ba wanda ya taɓa tambayarta wannan. A kan babi ɗaya kacal muka zauna har aka kira la'asar, tana nuna min inda ta kashe wani mutum a labarin sannan ta dawo da shi saboda ta kasa barci.