Kwak uku iri ɗaya, nauyi daban-daban

Littafin fiziks da muke koyarwa da shi a sakandaren ƙauyenmu, nan ƙasar Ringim, yana tsayawa ne a kan furoton da nutron, ƙwayoyin da ke tsakiyar atom, kamar daga nan magana ta ƙare. Alhali tun 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig suka kawo ra'ayin cewa kowannensu haɗin wasu ƙananan ƙwayoyi uku ne da ake kira kwak, kuma duk ƙwayar da kwak uku suka haɗa sunanta bariyon. Waɗanda suka fi jan hankalina su ne bariyon masu ɗauke da kwak mai nauyi da ake kira cam, wanda gwajin Burton Richter da na Samuel Ting suka tabbatar da samuwarsa a Amurka cikin Nuwamban 1974.

Ana auna nauyin waɗannan ƙwayoyi da ma'aunin MeV, kuma furoton yana da 938. Mafi ƙarancin nauyi a dangin bariyon masu cam shi ne Lamda-c, wanda ya ƙunshi kwak marasa nauyi biyu da ake kira u da d, da kuma c, wato cam, nauyinsa kuwa 2286. To, idan aka tara nauyin kwak ɗin uku, wato kusan 2 da 5 da 1270, ba za a kai 1300 ba. Ragowar kusan 1000 ɗin kuzari ne na motsin kwak da na ƙarfin da ya ɗaure su wuri guda, domin tun Einstein an san cewa kuzarin da ke kulle cikin abu yana bayyana a matsayin nauyi. A ganina wannan shi ne darasin da ya kamata ɗalibi ya fara ji.

Daga nan ne maganar matakan sama take fitowa, wato kwak iri ɗaya amma da ƙarin kuzari, saboda haka da ƙarin nauyi. Sigma-c mai caji ɗaya shi ma u da d da c ne, ba ƙari ba ragi, amma nauyinsa ya kai kusan 2453, saboda ƙananan kwak biyun sun daidaita juyinsu, wato wata siffa tasu mai kama da juyawa a kan kai, wuri ɗaya maimakon su saɓa wa juna. Idan kuma aka ƙara wa Lamda-c kuzarin kewayawa, sai a sami wasu matakai a 2595 da 2625. Ba kowane nauyi ne yake yiwuwa ba, matakai ne ƙididdigaggu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce take faɗa wa masana yadda ƙarfin ɗaurin yake aiki. Amfanin cam a nan shi ne nauyinsa: yana zama kusan wuri ɗaya kamar turke, sauran biyun suna zagayawa kamar awakin da aka ɗaure a jikinsa, don haka lissafin ya fi na furoton sauƙi, inda duka ukun suke ta kai-komo.

A watan Maris na 2017 masu gwajin LHCb a cibiyar CERN, wadda injinta mai kewayen kilomita 27 yake ƙarƙashin ƙasa a kan iyakar Faransa da Suwizalan, suka sanar da gano sababbin matakai biyar na Omega-c a lokaci guda. Omega-c bariyon ne mai c ɗaya da wani irin kwak da ake kira s guda biyu, nauyinsa na tushe 2695, sababbin kuwa suna wajen 3000, 3050, 3066, 3090 da 3119. Na nuna wa ɗalibaina zanen sakamakon a wayata, suka sunkuyo suna kallon tsini biyar sirara da suka miƙe a jere bisa shimfiɗar ɗigo-ɗigo. Wata daga cikinsu ta ce, "Malam, ina ƙwayar take?" Amsar ita ce babu wanda ya taɓa ganin ta, domin tana tarwatsewa nan take zuwa wani bariyon mai cam da ake kira Ksi-c da wata ƙwaya mai suna kawon. Na'ura tana auna kuzari da alkiblar gutsattsarin, a lissafa nauyin abin da ya haife su, kuma inda lissafin ya yi ta faɗowa a kan lamba guda, nan tsini yake tashi. Daga baya gwajin Belle na Japan ya tabbatar da huɗu daga cikin biyar ɗin.

Abin da ya sa nake ganin wannan ganowa da muhimmanci shi ne, lissafin kwak ya riga ya nuna cewa za a sami matakai biyar idan aka ba Omega-c kuzarin kewayawa na farko. Dacewar adadin tana da daɗin ji, amma ba ta isa hujja ba, shi ya sa wasu masana suke ganin na sama-saman wani irin mataki ne daban, wasu ma suna cewa a cikinsu akwai mai kwak biyar. Abin da zai raba gardamar shi ne a auna juyin kowannensu ta hanyar duba kusurwar da gutsattsarin suke fita, aikin da yake buƙatar tarin bayanai masu yawa. A 2023 LHCb ta sake ganin biyar ɗin, ta kuma ƙaro biyu masu faɗi a 3185 da 3327, waɗanda su ma dole a nema musu gurbi a cikin lissafin.