Kafin ka sayi sabon yadi, buɗe akwatinka tukuna

Makon farko na Janairu ba ya wucewa ba tare da wani ya shigo shagona da ke Yelwa, nan Garwa ta Kamaru, da sabon buri a kan sutura ba. Bana wani matashi ne malamin lekol, wayarsa cike da hotunan ɗinki daga Facebook. Ya ce, "Baba, so nake in canza gaba ɗaya. Kala goma sha biyu, kowane wata ɗaya." Na ba shi kujera, na sa yaro ya zubo mana shayi, sannan na tambaye shi kala nawa ne kwance a akwatinsa da bai saka ba tun Sallar bara. Ya ƙirga da yatsu, ya ce shida. Na ce, "To ɗana, je ka kwaso min su, sai mu yi maganar sabo."

Washegari ya kawo su. Biyu sun matse shi a kafaɗa tun da ya yi aure ya ƙara jiki. Ɗaya wandonsa ne ya yi tsawo, yana jan ƙasa har bakin ya cinye. Ɗaya maɓalli biyu kawai suka fita, shi ke nan aka jefar da shi ƙasan akwati wata takwas. Waɗannan huɗun duk sun tashi a kwana uku. Na farke gefen, na saki yadi, na sake kalmasa bakin wando, muka kai wa masu bugu. Da ya zo karɓa sai da ya juya kaftani ɗaya sau biyu kafin ya yarda nasa ne. Sauran biyun kuwa ba su da magani, don shaddar jabu ce.

Shaddar jabu ita ce ciwon da ke damuna a sana'ar nan. Shadda ta gaske, irin Getzner da ake saƙawa a Ostiriya, auduga ce zalla, kuma zanen da ke jikinta a cikin saƙar yake. Jabun kuwa an haɗa ta da zaren roba, an shafe ta da sitaci har tana ɗaukar ido a rumfa, an buga mata hatimi a baki kamar ta ƙwarai. Wanki ɗaya sai ta saki jiki kamar tsumma, sai mai kaya ya dawo yana cewa tela ne ya ɓata masa yadi. Shi ya sa kafin almakashina ya taɓa yadin kowa, nakan zare zare ɗaya daga gefe in kunna masa ashana a gabansa. Auduga tana cinyewa ta zama toka mai laushi, da wari irin na takarda. Roba sai ta narke ta dunƙule ta yi tauri. Wani Alhaji ya taɓa yin fushi da na yi masa haka, ya ce ɗan'uwansa ne ya aiko masa da ita. Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji, shi ma cutarsa aka yi." Ya ɗauki yadinsa ya tafi. Bayan Sallah ya dawo, kuma har yau ni ke masa ɗinki.

Kuma a gari irin namu wa zai so roba a jikinsa? Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, iskar da ke tasowa daga bakin Binuwai ma da ɗumi take zuwa. Ga mu a tsakiyar ƙasar auduga: nan ne hedikwatar Sodecoton, mai sayen audugar manomanmu tun 1974, nan kuma aka kafa masaƙar CICAM. Farin yadin wannan masaƙa na fara yanka a rayuwata.

Sama da shekara talatin ke nan. Maigidana dattijo ne, kakanninsa fatake ne daga Kano. Shekara biyu cur ina hura gawayi a dutsen guga, ina ɗinka idon maɓalli da hannu, ban taɓa hawa kekensa Singer ba sai in zan shafa masa mai. Idan mutum ya shigo awo, maigida ba ya saurin ɗauko tef. Sai ya ja shi da hira yana kallon yadda yake zama, yadda yake miƙa hannu ya karɓi kofin ruwa, ko kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka. A wurinsa na koyi cewa kaftani sai mutum ya yi ruku'u da sujada a cikinsa bai ja shi a baya ba, sannan ya ɗinku. Yanzu da kowa ke hawan babur, na ƙara nawa: tsagar gefe nakan ɗaga ta kaɗan ga mai yawan zirga-zirga, in ƙarfafa bakinta da ɗinki biyu. Kuma kowace riga ta fita daga hannuna akwai yatsa biyu na yadi da na ɓoye a cikin gefenta, saboda jikin mutum ba ya zama wuri ɗaya. Masu ɗinkin gaggawa suna yanke wannan rarar don su yi sauri, shi ya sa kayansu ba sa gyaruwa. Mutum ya zo yana ce min wai a bayan kasuwa ana yi masa rabin kuɗina. Gaskiya ne, ana yi. Ya juya cikin rigar ya duba.

Abin da muka tsara da malamin nan shi ne kala huɗu a shekara. Biyu na auduga mara nauyi na zuwa aiki, ruwan toka da ruwan ƙasa, waɗanda ƙurar hunturu ba ta tona musu asiri kuma wandon ɗaya na shiga da rigar ɗaya. Ɗaya shadda ta ƙaramar Sallah. Na huɗun babbar riga, tasa ta farko, mai aska biyu da aikin hannu. Ya so aska takwas, na ce ya bari tukuna, irin wannan surfanin yana cin makonni a hannun mai yi, kuma babu amfanin zuba shi a kan yadi matsakaici. Jaka biyar ta sefa a wata idan ya ware, ko ya zuba a adashi, dubu sittin ke nan a shekara, ba bashi. Ya ƙara da hula zanna bukar guda mai kyau da takalmin fatar Marwa, ya riƙa shanya shaddarsa a inuwa, ya kai ta bugu maimakon guga.

Sai maganar lokaci, kuma wannan har da ku Hajiyoyi, don ɓangaren mata na hannun 'yata. Azumin 2026 zai kama wajen 18 ga Fabrairu, ƙaramar Sallah wajen 20 ga Maris, ga atamfar ranar mata ta duniya, 8 ga Maris, a tsakiya, turmi-turmi ake jibge mana ita. Babbar Sallah kuma tana biyo bayan bikin ranar ƙasa na 20 ga Mayu da kamar mako guda. In aka haɗa da ɗaukewar wuta, duk wanda ya kawo yadi saura kwana biyar Sallah ya san irin aikin da zai samu, a wurin kowane tela. Ni ranar da aka ga watan azumi nake rufe littafin awo na Sallah, ko ƙanina ne ya zo.

Malamin ya riga ya kawo yadinsa na farko, ruwan tokan. Mun ƙona zaren tare, toka ta fita. Na jiƙa shi jiya don ya gama shan ruwansa kafin yanka, yana rataye a bayan shago, gobe bayan asuba zan shimfiɗa shi a tebur in ja alli.