Mai ciwon baya da rajistar fashin aiki

Aikina a wani kamfanin sayar da kayan gini da ke nan Sakkwato shi ne riƙon rajistar ma'aikata da lissafin albashi, saboda haka duk wanda ya yi fashin aiki sai maganarsa ta biyo ta teburina. Mai zazzaɓin cizon sauro ba a yi masa musu, domin da an taɓa jikinsa an ji. Wanda ake yi wa kallon tuhuma shi ne mai ciwon baya, tun da ba shi da rauni da ido zai gani, sai dai ya ce ƙugunsa ya riƙe, a yarda ko a ƙi.

Akwai wani dattijo a cikin masu lodinmu wanda dukanmu Kawu muke ce masa, ya shafe shekaru yana saɓa buhun siminti mai kilo 50 ba tare da an taɓa jin kukansa ba. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaga buhu, sai bayansa ya riƙe, har sai da aka kama shi aka ɗora a kan babur. Ya yi mako uku a kwance, yana shan abin da aka haɗa masa a kemis, wanzami kuma ya yi masa ƙaho har sau biyu. Ranar da ya dawo aka tura shi sauke tirela kamar ba abin da ya faru, kuma kafin la'asar ta rana ta biyu ya sake kwanciya. Da na je duba shi sai ya ce mini: "Ɗana, in na ce na ji sauƙi a ba ni tirela, in na ce da saura a ce na zama raggo. To ina zan sa kaina?"

Wannan tambaya ta tsaya mini a rai, domin ta nuna mini cewa zaɓi biyu kawai muke ba ma'aikaci, ko ya kwanta gaba ɗaya ko ya ɗauki cikakken kaya, alhali dukansu biyun cutar da shi suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. Kusan kashi 90 cikin ɗari na masu shi ba a gano wata takamaimiyar cuta a jikinsu, wato tsoka ce da jijiyoyi da gaɓoɓi suka wahala, kuma yawancin irin wannan ciwo yana lafawa cikin 'yan makonni. Doguwar kwanciya tana raunana tsokar da ke riƙe da ƙashin baya, tana kuma dasa wa mutum tsoron motsi, sannan gwargwadon daɗewar ma'aikaci a gida, gwargwadon wahalar komawarsa bakin aiki.

Mun kai Kawu sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda aka duba shi aka koya masa motsa jiki, aka kuma umarce shi da ya riƙa tafiya a ƙafa kullum maimakon ya lazimci tabarma. Ya so a ɗauki hoton bayansa, sai aka bayyana masa cewa ba kowane ciwon baya ne ke buƙatar hoto ba. Maganar magani ce ta fi tayar mini da hankali, domin masu aikin ƙarfi da yawa sun mayar da diclofenac tamkar goro, ba su san yana iya cin ciki ya kuma taɓa ƙoda ba, balle a zafin Sakkwato da mutum ke yini yana zufa. Tramadol kuwa kowa ya ga yadda yake kama matasa. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, ta shawarci a guji magunguna masu sa jaraba irin su tramadol da kuma ɗamarar ƙugu, ta fifita ilimantar da mai ciwo da motsa jiki.

Duk da haka akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya. Idan mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ya ji tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafarsa tana ƙara rauni, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, ko ya biyo bayan faɗuwa, to asibiti za a nufa kai tsaye, domin tarin fuka ma yana kama ƙashin baya.

Ta fuskar doka, sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaci haƙƙin albashi har na kwana 12 na aiki a shekara idan likita mai rajista ya tabbatar da rashin lafiyarsa. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF, wato hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata, domin a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki. Abin da ke damuna shi ne, ɗan dakon da ake sallama kullum da yamma bai ma san da waɗannan ba, kuma ranar da bai fito ba tukunyar gidansa ba ta hau wuta ba, shi ya sa yake ɓoye ciwo har ya gagara.

Na kai wa manajanmu shawarar a dawo da Kawu kan aiki mai sauƙi na wata ɗaya, ya riƙa ƙirga buhuna a ƙofar sito yana rubutawa, yana tashi yana zagayawa, a kan cikakkiyar ladarsa. Da farko ya ƙi, yana cewa kowa zai fara kukan baya. Na nuna masa a rajista cewa mako ukun farko da kwanciya ta biyu sun fi wannan watan tsada, ban da kuɗin wanda muka ɗauko ya maye gurbinsa, sai ya amince da sharaɗin a kawo takardar likita. Muka kuma tsara cewa duk wanda bayansa ya motsa ya faɗa tun ranar farko, a kira shi a waya a ji lafiyarsa da mutunci, a yanke ranar dawowa tare da shi. Har mu na ofis abin ya shafa, domin akawunmu da ke zaune kan kujerar roba tun safe har azahar shi ma yana dafa ƙugu idan ya miƙe.

Daga baya Kawu ya koma lodi, amma yanzu da baro yake kai buhu daga bakin mota zuwa sito, idan kuma za a ɗaga sama su biyu suke kamawa. Baro biyu kacal muke da su ga masu lodi goma sha ɗaya, kuma na rubuta takardar neman ƙarin huɗu tun watan jiya, ina jiran sa hannu.